Tafiyar hutun Disamba zuwa arewa: ina neman shawara kada a maimaita ta bara

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, yayyena da iyayena. Ni ɗalibi ne a shekara ta uku a jami'a a nan Kumasi, kuma tun da muka shiga makaranta ni da abokaina huɗu muka saba fita yawon buɗe ido duk lokacin da aka ba da dogon hutu. Tafiyar farko ba ta ba mu wahala ba, domin tafkin Bosomtwe muka je, muka yini muka dawo gida kafin magariba. Ta biyu ce ta sa nake wannan rubutu.

Bara, ana tsakiyar damina, muka nufi Cape Coast da niyyar ganin tsohon gidan da Turawa suke tsare bayi a bakin teku, sannan mu hau gadar igiya ta dajin Kakum. Motar da muka shiga ta lalace kafin mu kai Assin Fosu, muka zauna a gefen hanya tun azahar har bayan isha'i. Washegari ruwan sama ya yini yana zuba, ko ƙofar dajin ba mu je ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗaya daga cikinmu ya taho da alkawarin cewa yayansa zai turo masa kuɗi ta momo, wato tura kuɗi ta waya, kuɗin ba su zo ba, ni kuma na biya masa mota da masauki daga kuɗin ɗakin kwanana na zangon karatu mai zuwa. Har yau bai biya ba, gaisuwarmu ma ta koma ta nesa. Da Baba ya ji labarin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi ashe na girma, wanda ya san Baba kuwa ya san wannan ta fi faɗa zafi.

Bana muna so mu je dajin Mole da masallacin Larabanga da ke arewacin Ghana a hutun Disamba, in da hali mu leƙa Salaga, domin marigayi kakana ya sha gaya mana cewa ta can iyayensa suka shigo ƙasar nan da fataucin goro. Shin kwana huɗu za su isa? Yaya za mu tsara kuɗi, kuma in tafi da wancan abokin ko in bar shi? Sannan da wane baki zan sake tunkarar Baba?

Tsohon Direban Tamale:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na shekara da shekaru ina bin wannan hanya, saboda haka zan tsaya a kan abin da na sani. Lokacin da kuka zaɓa bana ya fi na bara nesa ba kusa ba. Arewa damina ɗaya take yi, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kuma idan rani ya shiga ciyawa takan bushe, ruwa ya ragu a daji, sai giwaye su riƙa saukowa tafkunan da ke ƙasan masaukin baƙi na Mole, inda mutum zai iya hango su daga kan tudu. Da damina kuwa sai ku yini ba ku ga komai ba sai gwaggon biri da mugun dawa.

Ku tashi daga Kumasi da asuba, kada ku yarda da motar dare don a ce ta fi sauƙin kuɗi. Za ku bi Techiman da Kintampo, ku haye gadar Buipe, sannan ku sauka a mararrabar Fufulso, ba sai kun ƙarasa Tamale ba. Daga nan hanya ta yi yamma zuwa Damongo, babban birnin Yankin Savannah da aka ƙirƙira a 2019, daga Damongo kuma Larabanga ba nisa, ƙofar dajin tana 'yan kilomita kaɗan gaba da ita. Wannan tafiya za ta cinye muku yini guda cur, dawowa ma haka, don haka kwana huɗunku biyu ne kawai a gaskiya. Ga Mole da Larabanga sun isa, amma ban da Salaga. Salaga tana gabas, sai kun koma Tamale kun sake wata mota, ko kuwa ku bi ta Yeji ku jira jirgin fito zuwa Makango, shi kuwa jirgin fito ba ya san jadawalin ɗalibi.

Ku ɗauki rigar sanyi da man kaɗanya, domin hunturun arewa ba irin na Kumasi ba ne, yana tsaga leɓe da dunduniya. Idan kun tsaya a magangarar ruwa ta Kintampo kuka ga hadari ko iska mai ƙarfi, ku fito nan take. A watan Maris na 2017 bishiya ta faɗo wa masu wanka a wurin, kusan mutum 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makaranta.

'Yar Nima:

Ƙanina, ni ma na yi irin waɗannan tafiye-tafiye da ƙawayena lokacin da nake jami'ar Legon a Accra, kuma a ganina ba mota ce ta ɓata muku tafiyar bara ba. Mota takan lalace da kowa, ruwa kuma ba a hannun mutum yake ba. Da kun dawo da kuɗinku daidai, da yanzu labarin zaman gefen hanya abin dariya ne a tsakaninku.

Abin da muka koma yi bayan mu ma mun ƙone shi ne, tun ana saura wata biyu muke fara zubi kamar adashi, a hannun mutum ɗaya da kowa ya amince da ita, kuma duk wadda ta tura sai ta nuna shaidar turawa a zaurenmu na WhatsApp. Muna rufe zubi ana saura mako guda, wadda ba ta cika ba ta haƙura sai wata tafiyar, ba tare da an ɓata ba, tunda ƙa'idar ta riga kowa shiga mota. A kan abin da muka ƙiyasta muna ƙara kashi ɗaya cikin biyar wanda ba a taɓawa sai larura, idan ya rage a raba a tasha ranar dawowa. Ku kuma riƙe tsabar kuɗi a aljihu, domin a ƙauyukan hanya layin waya yakan ɗauke, mai momo ma wani lokaci ba shi da abin da zai ba ku.

Game da abokin naka, ban ga dalilin yanke masa hukunci a bayan idonsa ba. Mai yiwuwa kunya ce ta sa yake kauce maka, don wanda ake bi bashi ya fi mai binsa jin nauyin haɗuwa. Ka same shi kai kaɗai, ka tambaye shi nawa zai iya biya duk wata, ko da kaɗan ne. In ya fara biya kuma ya cika zubin bana, ku tafi tare. In ya ce a sake yi masa lamuni har ku isa can, ka riga ka san amsa.

Malamin Sawaba:

Ɗana, batun mahaifinka zan taɓa. Ina kyautata zaton ba tafiyar ce ta ɓata masa rai ba, illa ka taɓa kuɗin da ya ba ka amana don wani abu dabam, sannan ya ji daga baya. Kada ka je masa da roƙo da baki kawai. Ka rubuta masa ranar tafiya da ranar dawowa, inda za ku kwana, sunayen abokan tafiya da lambobin iyayensu, da kuma inda kuɗin suka fito, ka nuna masa cewa na makaranta suna nan ba a taɓa ba. In kana jin nauyi, ka bi ta wajen mahaifiyarka ko wani kawunka ya share maka fage, haka muka taso muka ga ana yi a zango.

Kada ku manta cewa tafiyar ta kai ta ƙasaru, domin a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, wajen kilomita 80, kuma muddin ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ɗaya ba kuna nan a matsayin matafiya. A Larabanga ku gai da dattawan da ke kula da masallacin kafin ku fito da waya kuna ɗaukar hoto, wurin ibada ne tun kafin ya zama wurin baƙi.

Salaga kuwa na yarda da direba, amma dalilina dabam ne. Garin nan na ƙasar Gwanja da fataken Kano da Katsina suke shafe watanni a hanya kafin su iso, wanda saboda shi har yau ake cewa goron Gwanja, kuma wanda yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanensa zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kumasi, ba wurin leƙawa a tsaitsaye ba ne. Ka ware masa tafiyarsa, ka fara tambayar mahaifinka sunan gidan da kakanninku suka sauka. Ba zan yi mamaki ba in ya ce zai bi ka.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun cire Salaga daga tsarin bana, kuma mun fara zubi jiya, mutum uku sun riga sun tura kason farko. Na je wurin abokin nawa bayan sallar Juma'a, ya ce zai fara biya ƙarshen wata, za mu gani. Takardar Baba na rubuta ta, tana hannun Inna tun daren jiya. Baba Direba, saura tambaya ɗaya: daga Fufulso ana samun motar Damongo har bayan la'asar, ko dole sai mun isa kafin nan?