Katin bikin yayata ya lalace a wurin bugawa, ta ina zan fara koyon infografi, wato tsara zane da rubutu a kwamfuta ko salula?

Ɗalibar Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka. Ni ɗaliba ce a jami'a nan Damagaram, shekara ta biyu, kuma fannin da nake karantawa ba ruwansa da zane. Amma tun ina lise nake son haɗa hoto da rubutu a salula, har ƙawayena suna sa ni in yi musu na barka da Sallah.

Watan jiya aka yi bikin yayata, na ce a bar mini katin gayyata. Kwana uku ina kansa. A salula ya yi kyau sosai, shuɗi mai ɗaukar ido da rubutu ruwan zinariya. Na tura wa mai bugawa ta WhatsApp, aka buga 200. Da aka kawo gida sai jikina ya yi sanyi. Shuɗin ya dushe, ƙananan rubutun sun yi dishi-dishi, layin da na zagaye katin da shi an datse shi ta gefe ɗaya, sannan harafin ɗ na "ɗaurin aure" ya fito siriri, daban da sauran. Baba bai yi mini faɗa ba, ya sake biya aka yi wani, amma har yanzu abin yana ci mini rai.

Ina son in koyi wannan aiki da gaske. Ina da jikka 90 da na tara. In sayi kwamfuta ta hannu, ko in biya kuɗin horo na wata uku, ko in ci gaba da salula? Kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa mini abin da ya ɓata katin.

Mai Injin Bugawa a Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƴata. Ki kwantar da hankalinki, duk abin da kika lissafa yana da dalili, kuma kusan kullum sai an kawo mini irinsa.

Fuskar salula da haske take yin launi, tana haɗa ja da kore da shuɗi, shi ne RVB. Inji kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMJN: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Akwai launin da haske yake iya nunawa amma tawada ba ta kai shi, kuma wannan shuɗin mai ƙyalli yana kan gaba a cikinsu. Ruwan zinariya ma haka, a takarda rawaya ce mai ɗan duhu, sai in an yi masa aiki na musamman. Maganin abin, kada ki taɓa yarda a buga 200 kafin ki riƙe guda ɗaya a hannunki. A nan har shi mai bugawar yana da nasa rabon, ya kamata ya nuna miki gwaji.

Dishi-dishin kuma WhatsApp ne, yana matse hoto in an tura shi a matsayin hoto. Ki fitar da aikinki PDF, ki tura shi a matsayin dokima, wato fayil ba hoto ba, ko ki kawo a kle USB. Tun farko ma ki buɗe shafin da girman da ya dace. Takarda tana son ɗigo 300 a kowane inci. Katin A5 milimita 148 ne da 210, ke nan fiksel, wato ɗigon hoto, 1748 da 2480. In kika fara da ƙaramin shafi, ba abin da zai ƙara masa kyau daga baya.

Sai yanka. Wuƙar inji tana yanka tarin takarda ne lokaci ɗaya, ba za ta faɗa daidai kan layi a kowace ba. Don haka launin bango ki bar shi ya zarce da milimita 3 a kowane gefe, rubutu kuma ki janye shi ciki da aƙalla milimita 5. Layin da ke zagaye kati dab da baki, ni ina hana masu koyo, don kuskuren milimita ɗaya ma ido zai gani.

Ɗan Zango:

Ƙanwata, ni dai gaskiya zan faɗa miki, salula ba za ta kai ki ko'ina ba. Ki sayi kwamfuta. Gidajen bugawa manhajojin CorelDRAW da Photoshop suka sani, in kin je Kano ma haka za ki tarar. Ki nemi mai injin Core i5, da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8, da ma'ajiya irin SSD, ki gwada batirin a gaban mai sayarwa, ki cire caja ki ga minti nawa zai yi, don kin san yadda wuta take mana lokacin zafi. In kuɗin bai kai ba ki ƙara haƙuri ki cika.

Yaya Mai Tambari:

Ɗan Zango, ban ƙi taka ba, kwamfuta za ta zo, amma ba yanzu ba. Ƙanwata, ni ma mace ce, shekara ta biyar ke nan ina wannan aiki daga ɗakina, kuma shekarar farko gaba ɗaya da salula na yi ta. Na ga waɗanda suka sayi kwamfuta mai tsada suka cika ta da manhajoji, har yau in suka yi afish, wato takardar talla, sai ka rasa ina za ka fara karantawa. Abin da ake koya da farko ido ne, hannu yana biyo baya. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ki ɗauko katin nan da ya ɓaci ki ajiye shi nesa da ke kamar taku uku. Me kika fara gani? A katin biki abu uku mutum yake nema: bikin wa, yaushe, a ina. Sunayen ango da amarya su fi komai girma, rana da wuri su biyo, jerin iyalai da lambobin waya su zo a ƙanana. In komai ya yi girma ɗaya, to kamar mutum goma ne suke magana lokaci guda. Salon haruffa kada ya wuce biyu, ɗaya na kai, ɗaya na jiki. Launi biyu ko uku sun isa. Rubutunki ya zama yana da layin da yake bi, in tsakiya to tsakiya, in hagu to hagu, kada wannan ya leƙa nan wancan ya leƙa can. Kuma ki bar fili. Wannan shi ne ya fi ba ni wuya, don mu nan in mai aiki ya ga wuri babu komai sai ya ce a sa fure, a sa zobe, a sa tattabaru. Filin nan shi yake ba rubutu damar a gan shi.

Wata dabara da nake yi har yau: in na gama sai in mayar da aikin baƙi da fari. In rubutun ya nutse cikin bango, to launukan sun yi kusa da juna, ko da a ido sun yi kyau.

Makaranta kuwa muna da ita a Birni ba tare da ko dala ba. Ki shiga da yamma ki tsaya gaban tsofaffin gidajen nan masu zane a fuska, ki dubi yadda magini yake maimaita siffa ɗaya, yadda dama take amsa hagu, yadda duk adon yake jan ido zuwa ƙofar zaure. Ki dubi aikin dukawa a jaka da matashi, ki dubi aska takwas a babbar riga, yadda aikin ya taru a ƙirji da aljihu aka bar sauran rigar fili. Ki ɗauki hoto, ki zo gida ki zana da fensir. Tambarin da na fi alfahari da shi daga jikin wani bango na samo tunaninsa, kuma mai shi da ta gani ta ce wannan namu ne.

Manhaja: PixelLab tana aiki ba intanet, kuma za ki iya sa mata girman shafi da haruffan da kike so. Canva tana da sauƙi amma tana cin forfe, wato kuɗin intanet, sannan ki kiyayi ɗaukar samfurinsu kina canza suna kawai, ba za ki koyi komai ba. Kullum ki yi abu ɗaya ƙarami, ko na minti 30 ne. Ki ɗauki hoton allon wani shago da kika ga ya cushe, ki sake tsara shi don kanki.

Malamin Hausa:

Ɗiyata, ni maganar ɗ ce ta tsayar da ni. Yawancin salon haruffan nan an yi su ne don Turanci da Faransanci, babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a cikinsu. In kika rubuta, sai salula ta aro harafin daga wani salon ta cike gurbin, shi ya sa ya fito siriri. Wani lokacin ma ƴar akwati za ki gani. Kafin ki ɗauki kowane salo ki gwada shi da manya da ƙanana: Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ. Noto Sans da Noto Serif suna da su, haka Andika da Charis da Gentium, kuma duk kyauta ne.

Ina roƙonki kada ki bi hanyar da wasu suke bi ta cire lanƙwasar don sauƙi. Baƙi daban, baki daban. Ƙafa daban, kafa daban. Ina jin ciwo in na ga allon makaranta an rubuta "karatu" daidai amma an rubuta "kasa" a wurin "ƙasa". In kika zama mai zanen da ake cewa Hausarta ba kuskure, wannan kaɗai zai kawo miki aiki.

Larabci kuma ki kula, wasu manhajojin suna rarraba haruffan ko su juya su daga hagu zuwa dama. Ki ba wanda ya iya ya duba kafin a buga. Ni ra'ayina ma a daina sa ayoyi a katin biki, don bayan kwana biyu a ƙasa ake tsintarsa.

Ɗan Zango:

Yaya, na yarda da maganar ido. Amma ranar da aka ce ta yi tambarin da za a sa a kati kuma a sa a bash, wato tamfol na talla, mai mita uku fa? Hoton fiksel in an ja shi fashewa yake. Tambari sai da zanen layi, wanda ake kira vekto, shi ne ko an kai shi girman bango ba ya canzawa. Wannan a kwamfuta ya fi daɗin yi.

Yaya Mai Tambari:

Haka ne, kuma in ta kai nan ita da kanta za ta ji salular ta yi mata kaɗan, lokacin ta san abin da za ta saya. Ranar da ta samu, ba sai ta nemi manhajar sata ba. Inkscape na vekto, GIMP na gyaran hoto, Scribus na tsara shafuka da CMJN, duk kyauta ne kuma ba sa buƙatar intanet. Ni manhajar sata ta taɓa shigo mini da cutar da ta rufe mini aikin wata huɗu. Abin da aka koya a Inkscape kuma ba ya ɓacewa in an koma CorelDRAW, wurin maɓallan ne kawai ya bambanta.

Hajiya Mai Turaren Wuta:

Ƴata, ni ban iya zane ba, mai saye ce. Mu masu turare da humra da yaji kullum muna neman wanda zai yi mana takardar manna wa kwalba, kuma da yawanmu mun fi sakewa da mace. Abin da yake ɓata mana rai shi ne a ce gobe, goben ta zama mako. Ki faɗi ranar da za ki iya, ki cika. Ki karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ki faɗa tun farko gyara sau biyu ne, kuma lambar waya da sunaye ki sa mai aikin ya karanta ya rubuto miki "na duba" kafin a kai inji. Ƴan uwa ma ki sa musu farashi, ko kaɗan ne. Lokacin jarrabawa kuma ki rufe karɓar aiki, karatun nan shi iyayenki suka tura ki.

Ɗalibar Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ɗauko katin na yi yadda Yaya ta ce, na ƙirga salon haruffa biyar a ciki, kuma abin da na fara gani furen kusurwa ne, ba sunan yayata ba. Kuɗin zan bar su a ajiye tukuna. Baba mai inji, in na sake yin katin daga farko, zan iya kawowa a buga mini guda ɗaya in gani? Kuma horon wata ukun fa, in bar shi gaba ɗaya?

Mai Injin Bugawa a Sabon Gari:

Ki kawo ƴata, guda ɗaya ba zan karɓi kuɗinki ba. Ki sanar da mahaifinki, ki zo da ƙanenki ranar Asabar da safe, lokacin muke yanka, ki tsaya ki ga yadda wuƙar take sauka. Ki zo da shuɗi iri uku a shafi ɗaya, mu buga, ki ajiye takardar kina gwadawa da salularki duk lokacin da za ki zaɓi launi.

Horo kuma kada ki biya sai kin tambayi abu biyu: a nuna miki aikin ɗaliban da suka gama, bugagge a takarda ba a fuskar kwamfuta ba, sannan mutum nawa ne a kan kwamfuta ɗaya. In uku ne ko huɗu, ki riƙe kuɗinki.