Rashin kuɗi ne ya yi wa fina-finan nan daɗi, ko ƙwaƙwalwa?

Nura: Salamu alaikum. Daren jiya na kalli wani fim ɗin Japan na 2020, Beyond the Infinite Two Minutes, ina ta dariya ni kaɗai har uwargida ta leƙo ta ce lafiya dai? Wani mai shagon kofi ne a Kyoto ya hau ɗakinsa na sama, sai ya ga fuskarsa a allon kwamfuta tana masa magana daga talabijin ɗin shagon da ke ƙasa, daga minti 2 nan gaba. Labarin ke nan gaba ɗaya, kimanin minti 70. Ga maganata, mai ja ya ja: rashin kuɗi ne ya sa irin waɗannan fina-finan suke daɗi. Da an zuba musu kuɗi irin na Amurka, da sun ɓata abin.

Anti Binta: Wa alaikumus salam. Nura, da talauci na gyara fim, ai da duk wanda aka ɗauka a falon aro ya zama abin kallo. Mutanen nan 'yan wasan dandamali ne, ƙungiyar Europe Kikaku, suna tare tun 1998, Makoto Ueda ne yake rubuta musu. Duba aikin da ke ciki. Abin da ya fito a allo sai an riga an ɗauke shi. Ɗan wasa ya amsa wa hoton kansa a kan gaɓa, ya sauko ƙasa, ya maimaita kalaman nan sak bayan minti 2 cif, ga kyamara tana binsa kamar ba a taɓa tsayar da ita ba. Daƙiƙa biyar ta kuɓuce, komai ya rushe. Lissafi ne wannan da atisaye.

Sadiq: Ni fa ku yi haƙuri, ban ga abin yabo ba. Ihu suke ta yi. Kuma minti 2 me zai yi wa mutum? Sannan wayar wutar kwamfutar nan da suke hawa bene da ita suna sauka, mita nawa ce don Allah?

Nura: Sadiq, ai nan dariyar take! An ba mutane ikon ganin gaba, amma na minti 2 kacal. Sai suka yi wayo suka sa allon biyu suna kallon juna, kamar madubin shagon aski da kake ganin ƙeyarka jere ba iyaka, suka fara hango minti 4, 6, 8. Daga nan ma sunan fim ɗin na Japananci ya samo Droste, wani koko na ƙasar Holan da hoton gwangwaninsa yake ɗauke da hoton kansa. Abin da ya fi kama ni shi ne da zarar sun ga abin da za su yi, sai tsoro ya hana su yin akasinsa. Sun ga gaba, gaban kuma ta ɗaure su.

Malam Aliyu: Bari in sa baki. Tun kafin wannan akwai Summer Time Machine Blues na 2005, shi kuma daga wani wasan dandamali na Ueda aka ɗauko shi. Ɗaliban jami'a ne a tsakiyar zafi, lemo ya zube a kan rimot ɗin esi ya kashe shi. Washegari ga injin komawa baya ya bayyana a ɗakinsu. Ba su je ceton duniya ba. Jiya suka koma su ɗauko rimot kafin ya lalace. Duk wanda ya kwana a ɗaki watan Afrilu an ɗauke wuta ba zai ga bekensu ba. Can sai hankalinsu ya tashi: in an ɗauke rimot jiya, to me ya lalace har suka je ɗaukowa? Sai gudu a mayar da shi. To amma Nura, wanda ya ba da umarni a fim ɗin Katsuyuki Motohiro ne, mutumin da ya riga ya yi fina-finan 'yan sanda da suka kwashi kuɗi sosai a Japan. Ba matsiyaci ba ne. Zaɓar ƙaramin labari ya yi.

Nura: Allah ya ƙara girma Malam, amma don dandamali aka rubuta shi, inda ba halin nuna jirgin sama jannati. Ƙunci ne ya haifi dabarar.

Anti Binta: Ƙuncin wuri daban, ƙuncin aljihu daban, ƙanena. Kada ka haɗa.

Zainab: Anti, ni nan zan ɗan tsaya wa Yaya Nura. Ku kalli River na 2023, 'yan Europe Kikaku ɗin nan ne dai suka yi shi da darakta Junta Yamaguchi, a wani tsohon masauki a Kibune, arewacin Kyoto. Lokaci yana komawa baya duk minti 2, amma kowa yana tuna abin da ya faru. Wasu baƙi biyu suna cin abinci, kwano yana sake cika, har suka ƙosa. Wani ya maƙale a banɗaki da kumfa a kai. Marubuci kuwa daɗi ya ji, tunda ranar miƙa aiki ba za ta taɓa zuwa ba. Sai ka ga wani zagayen akwai dusar ƙanƙara, wani babu, saboda yanayi ya canja musu ana tsaka da ɗauka. Masu kuɗi da sun goge ta da kwamfuta. Su kuwa suka bar ta, har mutanen cikin labarin suna mamakinta.

Kabiru: Ku ƙara da One Cut of the Dead, yen miliyan 3 na kuɗin Japan aka kashe, ya mayar da fiye da ninki dubu.

Anti Binta: Kabiru, wannan ba tafiya cikin lokaci a cikinsa, kuma Uedan daban ne, Shinichiro. Zainab kuma, batun ƙanƙara na ba ki. Amma wa ya zauna ya sauya rubutu don ta shiga labari? Aljihu ne?

Sadiq: Duk na ji. Har yanzu dai ba wanda ya faɗa min tsawon wayar nan.