Neman kalma: awon jinin da ya rage a naman gawa

Jiya da daddare a majalisarmu ta Ƙofar Soro, wani ƙanena mai karatun likita ya kawo kalmar sifektirofotometiri, wato hanyar auna abu ta haska shi da wata na'ura, ya ce: "Yaya, a samo mata suna da Hausa." Har muka tashi ba mu daidaita ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Ga inda ake bukatarta. An kawo gawar wanda aka sara ko aka harba, kotu tana son sanin ko zubar jini ce ajalinsa. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne, wanda ya rasa kashi 40 cikin 100 kuwa yana bakin mutuwa. Amma jinin da ya zuba, ƙasa ta sha, tufa ta sha, ba mai kwaso shi ya auna. Sai likitan binciken gawa ya dubi ƙoda da hanta da saifa, ya ce sun koɗe. To, koɗewa a idon wa? Nan na'urar take da amfani. Ana haska ɗan yankin nama, himogulobin da ke cikinsa, wato sinadarin da ke sa jini ya yi ja, ya shanye koren haske ya bar ja, na'urar ta ƙidaya abin da aka shanye. In kaɗan ne, jini kaɗan ya rage.

Ƙanen nawa ya ce "awon launi". Ban yarda ba, don launi ido ke hukunta shi, idon kuwa shi ake son a taimaka wa. Wani ya ce "hoton nama", wanda mai ji zai ɗauka irin hoton ƙirji ne.

Wani dattijo da ya yi rini a ƙuruciyarsa ne ya buɗe mini ƙofa. Ya ce su a marina cewa suke zane ya sha baba, ko bai sha ba. Shi ke nan! Nawa dai shi ne "awon shan haske", na'urar kuma "ma'aunin shan haske". Sunan ya hau har kan ɗan abin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa, mai fitar da haske ja.

Na damu da wannan ne saboda tafinta. Shi zai tsaya a kotu ya faɗa wa uwar mamaci yadda aka gano abin da ya kashe ɗanta, kuma haƙƙinta ne ta ji da harshenta.

Saura himogulobin. Ina ganin "rinin jini". Malaman Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah ya gafarta muku, me kuka gani?