Fitilar cek injin ta Carina E ta ƙi mutuwa, a taimaka

Assalamu alaikum. Iyayen gidana kanikawa, a taya ni da wannan.

Carina E gare ni ƙirar 1994, injin 4A-FE, ina jigilar fasinja da ita daga ƙauyenmu a Ringim zuwa Kano. Sati uku ke nan fitilar cek injin na kunne. Da asuba sai an sha fama kafin ta tashi, ga baƙin hayaƙi, ga shan mai kamar ana zubarwa a ƙasa.

Wani yaro ya zo da na'urarsa ta OBD2 mai karanta matsalar mota, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari har ya gaji, babu soket ɗin nan mai rami 16. Ashe motar ta girmi na'urar. Sai na buɗe bonet, na lanƙwasa guntuwar waya na haɗa ramukan TE1 da E1 a ɗan akwatin da aka rubuta DIAGNOSIS, na murza makulli ban tayar ba. Fitilar ta ƙifta sau biyu, ta ɗan tsaya, ta sake biyu. Wato lambar matsala 22, sensar zafin ruwan injin.

Na sayo wata a Ƙofar Ruwa (ta hannu ce, ban ɓoye ba), na sa, na cire fiyus ɗin da aka rubuta EFI don lambar ta goge. Ko Gezawa ban kai ba fitilar ta dawo, 22 ɗin dai.

To sensar ce ita ma matacciya, ko waya ce ta tsinke a hanya? Soket ɗin sensar ya yi kore-kore da tsatsa. Ina da mitar awon lantarki, amma wane kan waya zan taɓa, kuma nawa ya kamata ta nuna in injin na sanyi? Kada a ce in canja birenbos (kwamfutar injin), kuɗin ba su kai nan ba.