Izinin ajiye shara a filin da aka cike a bakin teku

An yi wata tattaunawa kan yadda ake samun izinin ajiye shara a filin da aka cike a bakin teku. Shawarar da ta fi yawa a tattaunawar: kafin a nufi hukumar tsara gari, a tabbatar da mai filin, domin a ƙasashe da dama ƙasar da aka ƙwato daga teku ta gwamnati ce. Kuma izinin gini daban, lasisin ajiye shara daban.

An fi daɗewa kan ƙasar kanta. Cikon yashi yana ta lotsawa shekara da shekaru. Idan ya lotsa, sai daɓe ya tsage, ruwan shara ya tsiyaya, cikowar teku ta kwashe shi. Don haka sai a haƙa ramukan gwaji, a shimfiɗa roba mai kauri, a ɗaga daɓen sama da inda ambaliya ke kaiwa. Gishiri kuwa, a ganina an raina shi: yana cin rodi a ɓoye.