Bohol ko famfo: ina mai sabon gida zai sa kuɗinsa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ginina ya kai linta, saura rufi da aikin ruwa. Fulotin ƙafa 50 ne a 50. Babban bututu ya wuce ta bakin titinmu, gida shida ne tsakanina da shi. Mai aikin famfo ya ce in jawo, ƙanena ya ce in haƙa bohol in huta. Abin da ke hannuna ba zai ɗauki biyun ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Alhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba ta buƙatar shawara. Duk wanda ya gina gida a Kano yau ya sa kuɗinsa a jawo famfo, ya jefa su a rijiya gaba dubu. Ni na jawo, na sayi bututu, na biya masu haƙa, kan famfon yana nan a tsakar gida yara na rataye tsumma a kai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Haƙa bohol, ka ɗora tanki, ka sa sola, ka manta da kowa.

Ɗan Auta: Alhaji, ai bohol ɗin ma rijiya ce gaba dubu, kuma a cikinta kake cewa ya jefa kuɗin.

Alhaji Mai Taya: Kai yaro, bari manya su yi magana.

Injiniya: Alhaji, ban ƙi taka gaba ɗaya ba, amma "duk wanda" ɗin nan ne ya yi yawa. Birnin Kano a kan dutse yake zaune. Ba tafki ne shimfiɗe a ƙarƙashinmu ba da ko'ina ka huda za ka tarar. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama ne, da kuma cikin tsagogin da ke ƙasa. In bakin injin ya dace da tsaga, ka samu. In ya kauce, sai ka ga ƙura fara tana tashi har a kai inda kuɗinka ya ƙare. Shi ya sa maƙwabta biyu, katanga ɗaya, wannan sumonsa, wato injin da ke cikin bohol yana turo ruwa, na aiki awa uku bai tsaya ba, wancan minti ashirin ya fara jan iska. Wanda ya saba da haƙa a wajen Gumel ko Haɗeja, inda ƙasar yashi ce mai riƙe ruwa, kada ya zo ya yi maka alkawari a nan.

Alhaji Mai Taya: Nawa mita 45 ne, shekara shida bai taɓa ƙafewa ba.

Injiniya: Allah ya ƙara albarka. Gida nawa ne ke da bohol a layinku lokacin da ka haƙa, nawa ne yanzu?

Alhaji Mai Taya: Da mu biyu ne. Yanzu kusan kowa.

Inna Mai Ƙosai: To bari in sa baki, tunda layinmu ɗaya da Alhaji. Rijiyar gidanmu mahaifin yaran nan ne ya gina ta, guga biyu ake ja a lokaci ɗaya. Da, sai tsakiyar bazara take ja baya, ta dawo da ruwan farko. Yanzu sanyi bai gama fita ba za ka ji guga na bugun laka. Ban ce laifin mutum ɗaya ba ne, Alhaji, kuma yarana a famfon da ka fitar ƙofar gida suke ɗiba, Allah ya saka. Amma ruwa ba ya tsami banza. Masu hali sun zurfafa, mu na sama muka bushe.

Malam Liman: Allah ya saka wa Alhaji da alheri a kan wannan famfo na waje. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, kuma shayar da ruwa na cikin mafifitan sadaka. Sai dai maganar Inna abin dubawa ce. Kada mutum ya ba da da hannun dama abin da ya janye da hagu bai sani ba.

Maman Sadik: Ni ba ƙafewa ce damuwata ba. A asibiti nake aiki, abin da nake gani daban ne. Baban Ilham, ka ce fulotinka 50 a 50. Ƙafa 50 wajen mita 15 ke nan. Ƙa'idar da masana lafiya suka fi bayarwa ita ce a bar mita 30 tsakanin rijiya da masai ko sokawe. Ka gaya min a wane lungu na gidanka za ka samo mita 30. In ka nesanta da naka, ka matsa kusa da na maƙwabcin baya, shi kuma ba zai nemi izininka ba ranar da zai haƙa sabo. Mutane na ganin ruwa garau a kofi su ce tsarkakakke ne. Ƙwayar taifod da ta kwalara ba sa canza wa ruwa launi.

Alhaji Mai Taya: Hajiya, bohol ba rijiya ba ce. Akwai kesin, wato bututun da ake zurawa a ramin, har ƙasa.

Injiniya: Akwai, in an yi aikin yadda ya kamata. Ya kamata a zuba tsakuwa a gefen bututun daga ƙasa, sannan a liƙe mitocin sama da siminti don kada ruwan kwata ya bi gefe ya gangara. Masu haƙa da yawa suna tsallake simintin nan, mai gida kuma bai san ana yi ba balle ya tambaya. Yana ganin ruwa ya yi tsiri sai ya hau rabon goro. Sannan wanda ke kusa da Sharaɗa, Challawa ko Bompai, inda masana'antu da majemu suka daɗe suna zubar da ruwan aiki, nasa gwajin ya wuce na ƙwayoyin cuta, sai an duba sinadarai. Tafasawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da sinadarin jima.

Ɗan Auta: To na famfon fa? Ni na taɓa buɗewa ya zo kamar kunun kanwa.

Maman Sadik: Ba zan kare shi ido rufe ba. A matata ana sa masa alif ya kwanta, a tace, a sa kulorin. Daga can lafiya yake fitowa. A hanya ake samun matsala. Dubi ƙananan bututun da mutane ke jawowa, rabinsu a cikin kwata suke kwance, an ɗaure fashewar da robar taya. Muddin ruwa na gudu da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Da an ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo abin da ke kewaye da shi. Shi ya sa na farkon da ya zo bayan kwana biyu ba na sha ba ne, a bar shi ya zuba ko a yi ban fulawa da shi.

Alhaji Mai Taya: Kun ji ko? Ita ma ta dawo hanyata.

Maman Sadik: Ban dawo ba, Alhaji. Na famfo in ya lalace unguwa guda ce za ta yi kuka a ji. Na bohol ɗinka in ya lalace, kai kaɗai ne da 'ya'yanka, kuma ba mai zuwa ya gwada maka.

Injiniya: Abin da ke ba ni takaici, Kano ba ta rasa ruwa ba. Matatar Challawa tun zamanin Turawa take, farkon shekarun 1930. An gama dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, na Challawa Goj a Ƙaraye ya biyo baya a 1992, ga Tamburawa a kan kogin Kano. Garin ne ya yi faɗin da bututun bai bi shi ba, kuma turo ruwa sai da wuta. Kowane mai hali da ya haƙa nasa ya cire kansa daga masu biyan kuɗin wata, ya kuma cire bakinsa daga masu ƙorafi. Sai a bar talaka da 'yan ga-ruwa. Ku yi lissafi: ana cewa mutum na buƙatar aƙalla lita 50 a rana. Gida mai mutum 8, lita 400 ke nan, jarka 16 mai lita 25. Kullum ta Allah.

Alhaji Mai Taya: Wannan wa'azi ne mai kyau, Injiniya, amma mutum ba zai bar iyalinsa da ƙishi don gyaran gari ba.

Baban Ilham: Alhaji, sola da ka ce, da ita ka fara?

Alhaji Mai Taya: A'a, da janareto. Bayan cire tallafin mai a 2023 na ga ba zan iya ba, na sa sola. Sumo kuma sau biyu na canza, ɗaya ya ƙone da ya ja iska. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan ban ɓoye maka ba.

Ɗan Auta: Ashe "ka manta da kowa" ɗin ban da mai gyaran sumo.

Injiniya: Baban Ilham, kafin ka kashe ko sisi, shiga gidaje shidan nan da ke tsakaninka da bututun. Kada ka tambayi masu gidan, tambayi matan, su suka san ranar da ruwa ke zuwa da ƙarfe nawa. In yana zuwa ko sau biyu a mako, jawo da bututu mai kauri, a binne shi nesa da kwata, ka gina ma'ajiya a ƙasa mai murfi da ƙaramin inji mai ɗagawa sama. In sun ce rabonsu da shi tun bara, Alhaji ya ci wannan zagayen. Ko a hakan ma kada ka haƙa sai an yi sabe, wato binciken ƙasa don gano inda ruwa yake, kuma ka ɗebi ruwan bohol mafi kusa da kai a kai ɗakin gwaji.

Malam Liman: Filin da ke gefen masallacin layinku fa? Babu masai ta wannan ɓangaren. In gida huɗu ko biyar suka haɗa hannu, rami ɗaya ya ishe su.

Alhaji Mai Taya: Allah gafarta Malam, haɗaka daɗinta ranar haƙa. Ranar da sumo ya ƙone za ka ga kowa wayarsa a kashe.

Baban Ilham: Na gode ƙwarai. Maman Ilham za ta zaga gidajen gobe in sha Allah. Injiniya, in kana da sarari ranar Asabar bayan la'asar ka zo da tef ɗinka mu auna daga sokawen maƙwabcin baya, don ni ban ma san ta wane gefe ya haƙa shi ba.

Injiniya: Allah ya kai mu. Ka sa a buɗe mana ƙofar baya.