An ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyin bizata a Ingila, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Hukuma ta ƙwace lasisin kamfanin da ya ɗauki nauyina, Home Office (ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya) kuma ta aiko min wasiƙa: kwana 60 in sami wani mai ɗaukar nauyi, ko in bar ƙasar.

Wani asibiti ya amince zai ɗauke ni, amma har yanzu takardar ɗaukar nauyin ba ta fito ba, kullum sai "ki ƙara haƙuri". In na shigar da sabuwar buƙatar biza kafin wa'adin ya cika, zamana halas ne har a amsa? Maigidana da yarana biyu fa, bizarsu tana rataye da tawa. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.